Mai Buga Littafi Yana Neman Hoton Ordinatar Mijina

Zuwa ga Tanti Hussaina,

Assalamu alaikum. Tanti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana, domin garinmu ƙarami ne, ana ganin suna an gane gida. Daga Madarumfa nake rubuto miki. Ban san ta inda zan fara ba, ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye.

Aurenmu bai kai shekara biyu ba. Maigidana ilimin ordinatar, wato kwamfuta, ya karanta, yana aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Maraɗi. Da safe ya hau moto ya tafi, kafin magariba ya dawo. Aikinsa shi ne a kawo masa aplikasiyo, wadda a rediyo ake ce wa manhaja, ya yi ta bincikarta har ya gano inda ɓarawo zai iya shiga, sai ya gaya wa masu ita su toshe. Mutum ne mai kirki, wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ya magana. Ni kuwa tun ina lakwal nake karatun littattafan soyayya, har a cikin kaye, littafin rubutun aji, nake ɓoye su. Na saba da mazan da ke cikinsu, masu kiran matansu da sunaye masu daɗi. Nawa mijin in yana son nuna ƙauna, sai ya tsaya bakin tafki ya sayo mini soyayyar karfasa, ya ajiye a gabana ya ce in ci kafin ta huce. In an ɗauke kuran, wato wuta, ya tafi da wayata buro ya yi mini caji. Na san so ne, Tanti, amma wani lokaci kunnena yakan yi kwaɗayin ji.

Wata Juma'a a farkon daminar nan, bayan la'asar, na gan shi zaune a tsakar gida yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi, ina zaton zai ce ba komai kamar kullum. Sai ya ce in matso. Ya ce ya gano ɓaraka a wata manhaja da direbobi da ’yan kasuwa ke amfani da ita tsakanin Maraɗi da Jibiya, inda suke rubuta kayan da aka ɗora wa kowace mota, da lokacin tashinta, da hanyar da za ta bi. Yayana Tanko ma da ita yake aiki.

Ranar ya yi mini magana mai tsawo wadda bai taɓa yi ba. Ya ce manhaja in an gama rubuta ta ana juya ta zuwa harshen na'ura, ta zama dubban ƙananan umarni a jere. Wayoyin yanzu an koya musu kada su bi umarnin da baƙo ya shigo da shi, don haka ɓarawo mai wayo ba ya zuwa da nasa. Duk sa'ad da manhaja ta gama wani ɗan aiki, akwai wurin da take dubawa ta ga adireshin da za ta koma. Idan an bar wani gurbin rubutu ba a yi masa iyaka ba, sai ɓarawon ya tura rubutu mai tsawo, ya cika gurbin ya malala har ya shafe wancan adireshi, ya jera nasa a wurin. Kowane adireshi yana kai ta ga wani guntun umarninta na kanta, wanda a ƙarshensa ake cewa ta koma. Ta yi guntun, ta koma, ta tarar da na gaba, ta yi. A haka sai ta aikata abin da ɓarawon yake so, alhali da nata umarnin ta yi komai.

Da ya ga ban gane ba, sai ya karɓi littafin da ke hannuna. Ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa a kan kalma uku, ya juya can gaba ya nuna wasu, ya dawo baya ya nuna wasu, ya ce in haɗa. Na haɗa. Abin da ya fito shi ne: idan na dawo na gan ki, gajiyata tafiya take. Marubuciyar ba ta taɓa rubuta wannan magana ba, amma duk kalmominta ne. Ya kawar da kai wai shi misali kawai ya ba ni. Tanti, na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Kafin ya tashi ya ce ya sanar da masu manhajar, sun yi alkawari da shi cewa kowa zai yi shiru har a fitar da sabuwa direbobi su sauke ta. Ya ce na san halin hanyar nan, in miyagu suka san wace mota ce ta ɗauko me, kuma yaushe za ta wuce, abin ba zai yi kyau ba. Ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu.

To ni ina ɗan rubuta labari a wani gurup ɗinmu na mata a waya, babi babi. Shi ya san ina yi, amma bai taɓa cewa in nuna masa ba. Na ji ba zan iya barin wannan rana ta wuce ban adana ta ba, sai na saka ta a labarin. Na canza sunaye, jarumin na sa masa Al'amin, manhajar ma na ƙirƙira mata suna. Amma na bar direbobin, na bar hanyar, na bar bayanin yadda ya yi mini shi. A zuciyata labari ai ba faɗa ba ne. Mata suka so babin ƙwarai, suka yi ta tura shi wasu gurup.

Makon da ya wuce wani ya rubuto mini, ya ce sunansa Malam Nura, yana buga littattafai a Najeriya. Ya ce ya daɗe bai ga alƙalami irin nawa ba. Har bangon littafi ya turo mini, da sunan da nake rubutu da shi a sama, da ruwan zinariya. Na yi ta kallonsa har tuwona ya kama. Ya ce abu ɗaya ya rage: masu karatun yanzu suna saurin gane ƙarya, dole babin ɓarakar ya zama na gaske. Ya tambaye ni wane gurbi ne ainihin wanda ke malala. Na ce ban sani ba. Sai ya ce in ɗauko masa hoton fuskar ordinatar mijina lokacin da yake aikin, inda lambobi da haruffa ke jere. Ya ce kada in gaya wa maigida, in bari sai littafi ya fito in miƙa masa da sunansa a shafin farko. Ya kuma turo wata takardar yarjejeniya ya ce in buɗe in sa hannu, ban buɗe ba don megana na intanet sun ƙare.

Ƙawata Atika ta ce hoto ɗaya me zai yi, ai su maza ba komai suke gaya mana ba. Jiya da aka kira magariba ya fita masallaci ya bar ordinatar a buɗe tana wani aiki. Na tsaya a gabanta da waya a hannu. Na tuna Yaya Tanko a hanya, na tuna bangon littafin. Ban ɗauka ba, amma ban ce wa mutumin a'a ba, kuma yau ma ya sake tambaya.

Tanti, ko mutumin nan da gaske yake, ni ce nake neman zubar da rabona? In kuma na gaya wa maigidana, dole in faɗi maganar babin. Ba faɗansa nake tsoro ba. Tsorona shi ne ya koma shirunsa, kada ya sake cewa in matso. Yana dawowa ya gaishe ni da fara'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Me zan yi?

Taki,
Mai Karatu a Bakin Tafki, Madarumfa

*

Amsar Tanti Hussaina

Wa alaikumus salam, ’yata.

Kada ki ɗauki hoton, kada kuma ki buɗe takardar da ya turo, ko da an cika miki waya da mega. Wannan na fara da shi don shi ne mai gaggawa.

Ban san Malam Nura ba, ba zan rantse a kan zuciyarsa ba. Amma na daɗe ina hulɗa da masu buga littattafai, kuma abin da suke nema wajen marubuci shi ne rubutunsa. Sukan ce a turo sauran babi, a gyara nan, a rage can. Ba wadda ta taɓa ajiye littafin soyayya don ba a jera mata lambobin na'ura ba. Na nuna wasiƙarki, ba tare da garinki ba, ga wata da ta san wannan fanni. Ta ce bayanin da kika rubuta a babin sanannen abu ne ga masu ilimin, shi kaɗai ba ya buɗe wa kowa ƙofa. Abin da ɓarawo ya rasa shi ne sanin gurbin da ke malala da jerin adireshin nan, wato daidai abin da ake roƙonki. Ta ce takarda irin wadda ya turo tana iya zama hanyar shiga wayarki. Ki kuma lura da cewa ya hana ki gaya wa mijinki. Mai neman ki da alheri ba ya fara da raba ki da mutumin da zai iya gane shi. Burinki na ganin littafinki da son da kike wa mijinki, su ya ɗauko yana aiki da su, bai kawo komai nasa ba sai hoton bango.

Yanzu batun babin. Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. An ce magana ta tsaya tsakaninku, canza suna kuwa ba ya ɓoye hanyar da kowa ya sani. Amma na ga abin da ya kai ki: an ba ki abu mai daɗi, kika so ki adana shi ta hanyar da kika iya. Shi ma maigidan yana da nasa. Ya ɗauko sirrin aiki ya kawo gida, ya san kina rubutu bai taɓa leƙa abin da kike rubutawa ba, sannan mai irin aikinsa bai kamata ya fita ya bar na'ura a buɗe ba. Wannan ba don ki jefe shi da shi na faɗa ba, sai don ki daina ganin ke kaɗai ce mai laifi a gidan.

Ki gaya masa yau, kada ki jira ranar da za ki ga ransa a sake. Ki bari ya ci abinci, sannan ki miƙa masa wayar ya karanta babin da saƙonnin mutumin da idonsa. Kada ki goge ko ɗaya, kada kuma ki rubuta wa mutumin komai, ko zagi ko ban haƙuri. Mijinki yana buƙatar ganinsu yadda suke, domin dole ya sanar da masu manhajar cewa wani ya fara shinshina, su hanzarta gyara, su kuma san abin da za su ce wa direbobi. Duk kwanan da kika ƙara, kwana ne da yayanki da abokan aikinsa ke kan hanya ba a sani ba. Bayan ya gani, ki cire babin daga gurup ɗinku, ki roƙi matan da suka tura shi su cire. Atika kuma ki gode mata, amma wannan karon kada ki bi ta.

Rubutu kada ki daina. Yadda kika ba ni labarin nan ya nuna kina da hannu. In an gama gyara, ki nemi izininsa, ki kammala littafinki, ki kai shi ga mai bugawar da ake iya zuwa shagonsa a zauna da shi ido da ido.

Kin tambaye ni ko zai koma shirunsa. Mai yiwuwa ya koma na ɗan lokaci, kuma yana da hakkin ya ji zafi. In ya yi shiru, kada ki cika wurin da kuka da rantsuwa, kada kuma ki gudu ɗaki. Ki faɗi gaskiya sau ɗaya, ki ba shi haƙuri sau ɗaya, ki zauna kusa da shi. Abin da zai gani a wayar nan shi ne an lallaɓa matarsa da abin da ta fi so a duniya, ta ƙi, ta kawo masa. Namiji mai hankali ba ya mance wannan.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ƙara muku fahimtar juna, ya tsare matafiyanmu a kan hanya.

Tanti Hussaina