'Yar Tela Ta Sami Goma Sha Ɗaya

Daga: Malamin Lissafi, Aji Uku
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Sashen Tantance Ɗalibai
14 ga Maris

Game da: Takardar awon himma da ta hana ɗalibata shiga ajin kimiyya

Ranka ya daɗe,

Takardata ta uku ke nan. Biyun farko na gan su a teburin sakatarenka, ya ɗora kofin shayi a kansu. Ba rashin sani ba ne, kawar da kai ka yi.

1. Ranar 3 ga Fabrairu ofishinka ya aiko tambayoyi ashirin na auna himmar ɗalibai. An ɗauko su daga wata ƙasa, an fassara cikin mako guda, ba a gwada su kan yaro ko ɗaya ba.

2. Tambaya ta tara tana son sanin ko ɗalibi yakan tashi in ya faɗi a wasan zamiya kan ƙanƙara. Yaranmu a cikin kular masu sayar da ruwan sanyi kawai suka san ƙanƙara.

3. Tambaya ta huɗu cewa take: "Na fi kowa a ajinmu." 'Yar tela, wadda ta zo ta ɗaya a lissafi zango uku a jere, ta zaɓi "a'a". Haka ta yi da duk tambayar yabon kai. Ta sami goma sha ɗaya cikin sittin, aka rubuta mata "marar himma". Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai. Yayarta ma a ajin take, benci ɗaya suke zama. Ta ce min a gidansu ƙanwa ba ta rubuta cewa ta fi yayarta, ko da gaskiya ne.

4. Wanda 'yan aji ke kira Janar, wanda rabonsa da aikin gida tun bara, ya sami hamsin da takwas. Da girmamawa, ranka ya daɗe, cika baki kuka auna.

Ranar 30 ga Maris za a rufe sunayen ajin kimiyya. Janar yana ciki, 'yar tela ba ta ciki. Mahaifinta ya riga ya ɗinka mata farar rigar ɗakin gwaji.

Ina roƙo cikin ladabi a jingine sakamakon nan, a zauna da malamai da iyaye a sake tambayoyin, a gwada su tukuna. Amma kafin 30 ga wata, ka ɗauki biro da hannunka ka mayar da sunanta. Takarda ta huɗu ni zan kawo ta, tare da tela da rigar.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamin Lissafi, Aji Uku