Alhaji, Yatsana Ba Zai Fiddo Mota Ya Bar Mutum a Kulle Ba

Zuwa ga Alhaji Sabo mai yadi, mutumin Kano, mai butik a kasuwar Damagaram, ta hannun shugabannin 'yan yadi, don a karanta a gaban kowa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka shi daɗe, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da dukiyarka. Lafiyarka kam na san ƙalau take, don ranar Alhamis an gan ka a butik kana dariya.

Ni ce Hadiza 'yar Guna, matar direbanka, wadda ke haya a Garin Malam. Ban yi lekol ba. Da baki nake faɗa, maƙwabciyata Madam Zara, metires, malamar makaranta, tana rubutawa a salula, kuma na roƙe ta kar ta gyara mini ko kalma ɗaya. Ta ce wasu maganganun sun yi zafi. Na ce ta bar su da zafinsu. Ba ni na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ba. Na yi ta zuwa ƙofar butik ɗinka da goyo a baya, ma'aikatanka suna cewa ba ka nan, ni kuwa ina kallon takalminka a bakin tabarma. To, tunda ba ka nan, bari kasuwa ta ji.

Ga wanda bai san zancen ba: maigidana yana kulle a hannun 'yan sandan Najeriya, can wani gari bayan Daura, tun kafin a yanke gero. Yanzu har an kai dammuna rumbu. Motar Alhaji yake tuƙi, kayan Alhaji ne a ciki, amma takarda ta ce motar tawa ce.

Na ɗaya. Alhaji, ka tuna ranar da ka zo gidanmu bara, bayan ƙaramar salla. Kai da kanka ka shigo zaure, ka zauna a kan tabarmar da ko ɗan aikenka ba zai so ya zauna a kai ba. Ka ce ka ɗauki baban yara aiki, zai koma Kano da zama, yana tuƙa maka sabuwar mota tsakanin can da nan. Ka ce kana son lambar Nijar a jikinta don ta riƙa shigowa ba wahala, amma kai ba ka da takardun ƙasar nan. Shi kuma katdantensa, takardar shaidar ɗan ƙasa, ta mutu, ba a sake masa ba, kai kuwa sauri kake. Tawa ce sabuwa, don na yi ta lokacin da nake zuwa awon cikin babbar 'yata. Ka ce aron suna ne kawai, kowa na yi, rabin motocin kasuwa da sunan matan direbobi suke yawo. Har ka ce mini 'yarka. Aka kai ni wani buro na gwamnati, aka kama yatsana aka dangwala a tawada, aka dangwala a takardu. Aka fito da kat giris, takardar da ke faɗin mai mota, da sunana da na babana a kai. Ka ba ni turmin atamfa.

Motar nan, Alhaji, har yau ban taɓa shiga cikinta ba. Ko ranar buro a kabu-kabu na je, a kabu-kabu na dawo. Matan unguwa suna tsokanata, Hajiya mai mota, yaushe za a kai mu Mirya? Ni da ƙafa na je likita ranar da naƙudar ɗan nan ta kama ni.

Na biyu, maganar asirans. A gabana baban yara ya tambaye ka, in wani abu ya faru a hanya fa? Ka daki ƙirji ka ce an yi wa motar asirans, in ta buge mutum kamfani ne ke biyan magani, direba ba ruwansa. Na ji da kunnena, ina bayan labule ina dama muku fura. Ba ka faɗa masa cewa ta 'yan watanni ka yanka ba. Ba ka faɗa masa cewa akwai wata takarda daban da ake ƙarawa in mota za ta tsallaka iyaka ba, kuma ba ka yanke ta ba. Mutumin da kullum cikin tsallaka iyaka yake! Ya sha tuna maka, ni shaida ce, don a gabana yake kiranka in ya zo gida. Kullum sai ka ce in kasuwa ta buɗe. Alhaji, kasuwar da ta buɗe har ka ƙara butik na biyu, asirans ce kaɗai ba ta buɗe wa ba?

Na uku. Abin da ya faru, Malam Isufu direba, abokinsa da ke bin hanyar, shi ya zo ya faɗa mini, ba kai ba. Wani mai babur ya fito daga lungu, motar ta taɓa shi, ƙafarsa ta karye. Baban yara bai gudu ba. Shi ya ɗauke shi ya kai asibiti, shi ya kai kansa wurin da su can suke ce wa caji ofis. Aka ce ya kawo takardar asirans, ya miƙa, aka duba aka ce wannan ta daɗe da mutuwa, kuma ko da rai take ba ta aiki a ƙasarsu. Dangin mai babur suka ce a biya musu magani da ɗori su yafe. Ni ban ga laifinsu ba. Shi ma magidanci ne, an ce 'ya'yansa sun fi namu yawa, da ƙafar nan yake ci da su. 'Yan sanda suka ce mai mota ya zo a sasanta, sai a saki direba. Ka aika wakilinka Sale. Sale ya kwashe yadinka daga but ɗin motar, ya loda a wata mota, sannan ya ce wa 'yan sanda mai motar wata mata ce a Damagaram, shi Alhaji sanin direban kawai ya yi. Yadi ya kwana a Kano. Mijina ya kwana a ƙasa.

Sanin direban kawai ka yi? Wa ya kai uwargidanka asibiti lokacin da ba ka gari? Wa ya yi salla biyu a hanya bai ga 'ya'yansa ba saboda kayanka?

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ce Madam ta ɗauko salula. Ranar Litinin da ta wuce Sale ya zo gidana da takarda da kwalin tawada a aljihu, da buhun shinkafa a bayan babur. Ya ce Alhaji na gaishe ki, ya ce ki dangwala nan, komai ya ƙare. Wallahi har na miƙa hannu, don na ɗauka takardar sakin baban yara ce. Sai yaron ya farka da kuka, na ce bari in ba shi nono, na shiga da takardar, na bi ta ƙofar baya na kai wa Madam. Ta karanta mini ita daga sama har ƙasa. Takarda ce ta cewa ni mai mota na ba Sale izini ya karɓo ta. Launin motar na ciki. Lambarta na ciki. Har lambar injinta na ciki. Na ce Madam ki sake dubawa, ko a ƙasa, ko a baya, ba a ambaci mutum ba? Ta ce babu. Ashe su can sun ce ba su ba da mota sai ga wadda sunanta ke kat giris, ko wanda ta wakilta. Ranar da ake neman mai biyan magani, ni ce mai mota. Ranar da ake neman mota ma, kun duba kun ga ni ce dai.

Da na fito na ce ban dangwalawa, Sale ya canza fuska. Ya ce ke ƙauyanci ne ke damunki, ba ki san hukuma ba. Ya ce in ban sa yatsa ba, jandarma za su zo su ɗauke ni su miƙa ni can, tunda ni ce mai mota, kuma a kulle ba a barin mace da jariri. Ya mayar da shinkafarsa kan babur ya tafi.

Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro nake ji. Tun ranar, duk motar da ta tsaya a lungunmu sai in saɓi yaron nan in goya. Yaron nan bai fara cin komai ba, nono kaɗai ya sani. Yayarsa na kai ta Guna wurin innata, don in an zo ɗaukata kar ta gani. Na ɗaure zannuwa biyu da kayan yaro a leda na ajiye bayan ƙofa. Madam ta ce ba haka nan ake ɗaukar mutum ba, barazana ce. Wataƙila. Ita ta yi karatu. Ni abin da na sani, an taɓa ce mini aron suna ba komai ba ne.

Amma na zauna na yi tunani. In na dangwala, motar ta fito, me ya rage da zai sa ka sake bin hanyar garin da mijina ke kulle? Ba komai. Yanzu motar na tsaye a rana, tayoyi na sacewa, kai ma ba ka barci sosai. Ita ce kaɗai ke tsare da mijina a zuciyarka. In ta tafi, an manta da shi ke nan.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma shugabannin 'yan yadi su zama shaida.

Ka je da ƙafarka, ba Sale ba, ka zauna da dangin mai babur ka biya maganinsa. Abin da kamfanin asirans zai biya ne da ka yanki takardar, kai ka hana, kai za ka biya.

Ka fiddo mijina. Ranar da za a je, ka zo ka ɗauke ni, zan bi ka da goyona har caji ofis ɗin. In na gan shi tsaye a waje, da idona, ba a salula ba, to a kawo tawada. Ko yatsu goma kuke so zan dangwala.

Daga nan mu wuce buro a cire sunana daga motarka. Ka sa naka, ko na Sale, ko na duk wanda ka ce wa ɗanka bana.

Ku kuma iyayena 'yan kasuwa, ku da kuka yanki kat giris da sunan matan direbobinku, ku duba takardunku yau. Ku matan, in an ce aron suna, ku tambaya wa za a nema ranar da abu ya ɓaci.

Atamfarka na ɗinka ta, da ita na yi sunan yaron nan, ba ta mayaruwa. Da ita zan zo, don ka gane ni, tunda ma'aikatanka sun ce ba su san ni ba.

Abu na ƙarshe. Sale duk zamansa a gidana bai kira sunan mijina ba, sai direban, sai yaron nan. Ni tun da aka kawo ni ɗakinsa bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, ba a yi mana tarbiyya haka ba. Yau zan faɗa, Allah ya yafe mini, innata ma ta yafe mini. Sunansa Mutari. Madam, rubuta shi da girma. Mutari ne ke kwance a ƙasa saboda takardar da ba ka yanka ba.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, Alhaji. Allah ya tsare 'ya'yanka mata daga ranar da za su ajiye leda a bayan ƙofa. Allah ya ba mai babur lafiya. Allah ya taɓa zuciyarka kafin motar ta ruɓe, in ba don mutum ba ko don ƙarfe.

Yatsana yana nan a hannuna. Ka kawo Mutari, ka karɓa.

Wassalam.

Hadiza 'yar Guna, Garin Malam, Damagaram.