Muryar Baffa a Ƙarshen Kaset

Saude ƙanwata,

Gaisuwa daga Libiya. Ya ƙafar Inna? Ruwa ya sauka a Doguwa? Ni lafiya lau nake, tarin ma ya ragu.

Memorin da kika aiko ya iso. Sababbin waƙoƙin ba laifi, abokan aikina har rawa suke yi. Amma kiɗan garayar da kuka kwafo daga tsohon kaset ɗinmu, kin saurare shi har ƙarshe? Ashe ina yaro na taɓa danna rikodin a kansa. Kiɗan na yankewa sai ga muryar marigayi Baffa: "Dikko, kashe rediyon nan, shanu na jiranka."

Na amsa masa, Saude. Da ƙarfi, a gaban mutane.

Kada ki kunna wa Inna, kada kuma ki goge. Wa yake fita da shanun yanzu?

Allah ya jiƙansa.

Yayanki,
Dikko