Sunana a Kan Dutsen Kabari

Litinin, 28 ga Oktoba
Wanke kaburbura kafin Ranar Tsarkaka, ranar da ake ziyartar mamata. Buroshi, bokiti.
Na fara da na Baba. Ƙaramin na bar shi ƙarshe, kamar kullum. Zbigniew Wrona. Sunana ne, ba ragi. Yayana ne, ya nitse a tafkin bayan gida yana ɗan shekara uku. Da aka haife ni sai aka ba ni sunansa. Ina gogewa, ina kau da ido.

Talata, 29 ga Oktoba
Cikin matata Bożena ya tsufa, likita ta ce namiji ne. Mama ta ce sunansa Zbigniew, magana ta ƙare. Bożena ta ce, "Mama, sunaye sun ƙare ne a ƙasar nan?" Wata ƙila ma ni ne nake zurfafa abin.

Laraba, 30 ga Oktoba
Ma'anar Zbigniew: mai korar fushi. Tsohon suna ne, tun kafin a gina coci a ƙauyen nan. Baba ya zaɓe shi ranar da suka shirya da ƙanensa kan rigimar gona. To ni fushin wa na kora? Har Baba ya rasu, "kai" yake ce mini.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Na ratsa ta bakin tafkin. Ba iska, amma ruwan yana motsi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Maƙabarta cike, ko'ina kyandir. Mama ta kunna biyu a kan ƙaramin, yadda take yi tun ina yaro. Yau dai na tambaya, na biyun na wa?
Ta ce, "Naka mana. Ai sunan guda ne."
Na ce, "Mama, ina tsaye a gabanki."
Ta daɗe tana kallona. Ta gyara mini wuyan riga, ta ce, "Ka rame. Matar nan ba ta ba ka miya ne?"


Asabar, 2 ga Nuwamba
Bożena ta ce sunan Jeremi take so. Na gwada faɗinsa a ɗakin ajiya, ni kaɗai. Ba komai a bayansa. Ba wai na yanke shawara ba ne.
Gobe:
Gama haɗa gadon jariri.
Kai wa Mama gawayi. Zauna, yi mata maganar.
Komawa wajen yayana. Kyandir ɗaya.