Wasan maciji nake yi ranar da aka ɗauke maƙwabcina

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe.

Ni manomi ne a wani ƙauye gefen Kuyello. Saboda 'yan bindiga, in za mu girbi mukan ajiye mutum ɗaya kan dutse da usur, yana hango ƙurar babura ya busa kowa ya gudu. Ranar girbin masara ni aka ɗora. To akwai wasan macijin nan na tsofaffin wayoyi, wanda muke yi muna samari, mu biyar kan waya ɗaya ta yayana marigayi. Kwanaki na same shi a sabuwar wayata, har ƙarar iri ɗaya. Na ce bari in taɓa sau ɗaya. Magidanci da 'ya'ya huɗu fa! Wace irin wauta ce wannan? Ban ɗago ba sai da na ji ihu. Na busa, amma sun riga sun shigo gona. Suka tafi da maƙwabcina, dattijon da nake kira Baba. Na ce wa jama'a ta cikin kwari suka ɓullo, ba a hango su. Aka yarda.

Bayan wata biyu Baba ya dawo, ya rame, da ƙyar yake taka ƙafa. Na je gaishe shi, ya jira mutane suka fita, ya ce, "Ɗana, daga gona na hango ka, kanka a sunkuye kana danna waya. Wa kake aika wa saƙo?"

Na ce, "Baba, wallahi babu kowa."

Ya ce, "To me kake yi?"

Na miƙe, na yi masa sallama na fita.

Yanzu gari ya ɗauka wani ne ya tsegunta wa 'yan bindigar, kuma kun san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a nan. Baba ya ce ranar Juma'a zai faɗa wa dattawa abin da ya gani, sai dai in na riga shi. In na ce wasa nake yi, wa zai yarda? In na gudu, ai na tabbatar musu, kuma matata da yara fa? Jama'a, kwana uku ya rage. Me zan yi?