Sunana na Uku a Ƙofar Gareji

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, ta saki? A gaishe min da Anti da yaran. Ni lafiya lau nake.

Na san za ka yi dariya: gwamnatin nan ta sayar da kamfanin jirgin ƙasan da nake wa aiki. Ka tuna musunmu a tsakar gida, ina cewa a sakar wa 'yan kasuwa komai, mai ƙwazo ya ci? Har yau ban janye ba. Shekara sha tara ina kallon injuna suna ruɓewa don ba na uban kowa ba ne.

Sai dai sababbin masu wurin sun liƙa takarda a ƙofar gareji: duk makanikin da ba shi da difloma, ƙarshen wata zai ajiye sifana. Sunana ne na uku a jerin waɗanda za a sallama. Dogo, abokin aikina, ya ce, "Shugaban 'yan a-sayar, ashe har da kai aka sayar!" Na yi dariyar yaƙe.

Kada Inna ta ji. Na sami manajan na ce ya ba ni injin da ya gagari injiniyoyinsa, in na kasa in tafi da ƙafata. Ya ce Litinin. Ka san ni: in kafa sukudireba a jikin inji, in ɗora kunne a mariƙin, shi zai gaya min ciwonsa. Tunda ƙwazo suka ce suna nema, su zo su gani.

Ka sa ni a addu'a. Musun kuma ka ajiye min, ban gama ba.

Ƙaninka.