Kuskuren Injiniya Abdulbaƙi

Ƙofar Wambai, Bauchi

Yaya Mansir,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Humaira da yara? Inna na gaishe ku.

Wani kamfanin Abuja mai gina shafukan intanet ya kira ni gwaji ranar Laraba, ta bidiyo. Aikin shi ne ƙera fuskar shafi, wato abin da mai saye ke gani yana dannawa, kuma daga gida ake yi. Ka san alkawarina da Baffa: in wannan ma ya suɓuce, zan rufe kwamfuta in zauna masa a shagon atamfa a kasuwar Muda Lawal. Me ake faɗa wa mutanen nan?

Ƙanwarka,
Jannatu

*

Kaduna

Zuwa ga Jannatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe a aikin gwamnati, na zauna gaban manya iri-iri. Ba ilimi suke fara dubawa ba, tarbiyya suke dubawa. Ki gaishe su da kyau, kada ki katse kowa, kuma ko babba ya ce rana daga yamma take fitowa, ba ke za ki gyara masa ba. Allah Ya ba da sa'a.

Yayanki,
Mansir

*

Yaya,

Sallama. An yi, amma kaina ya ɗaure.

Mai gwajin, Injiniya Abdulbaƙi, dattijo ne, furfurarsa ta fi ta Baffa. Ya ba ni shafin sayar da takalma, ya ce, “Ni na rubuta wannan da hannuna, ki ƙara masa kwandon saye, inda mai saye zai tara abin da ya zaɓa.” Ina buɗewa na ga ɓaraka: in mutum ya danna maɓallin saye sau biyu, oda biyu ke tafiya. Ya ce, “Akwai abin da kika gani ne?” Na ce, “A'a, ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau.” Na lallaɓa na toshe ramin ta cikin nawa aikin don kada ya ji kunya.

Yau suka rubuto. Wai kwandona ya fi na kowa, amma na kasa gano kuskuren da suka dasa da gangan. Da gangan, Yaya! Mutum ya ɓata aikinsa da kansa don a faɗa masa? Sun ce in dawo Litinin, dama ta ƙarshe. Baffa har ya sa an share min kujera a shago.

A gaida gida,
Jannatu

*

Jannatu,

Bayan gaisuwa. Na karanta na sake karantawa, ban gane ba. Na nuna wa mai gidana a ofis, shi ma ya ce tarko ne: so suke su ga ko za ki zaƙe. Ki ƙara ladabi. In dattijon ya sake tambaya, ki ce ke yarinya ce, koyo kika zo yi.

Wassalam,
Mansir

*

Yaya,

Barka da war haka.

Ranar Litinin na shiga gwajin da niyyar bin maganarka. Injiniya ya ɗora sabon shafi, ya naɗe hannu, ya zuba min ido. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan layin da ka rubuta ba daidai ba ne,” ba. Ya ce, “Sai kuma?” Na nuna wani. Ya ce, “Wannan ban dasa shi ba.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya yake har da tafi.

Sun ɗauke ni. Kullum kafin ya saki aikinsa, ni zan duba in faɗa masa inda ya kauce. Inna ta ce wane irin aiki ne wannan na rashin kunya.

Saura abu ɗaya. Yaya, shawararka ba daidai ba ce. Ka yi haƙuri.

Ƙanwarka mai ganin girmanka,
Jannatu